Sauran Muryar Baba

Na Maimunat Abdulgani Isa

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku duka, har na masu cewa na cika wahalar da Hafizu. Ban samu na amsa wa kowa ba, ku yi mini haƙuri. Wannan shafin na wata baiwar Allah ne daga Unguwar Lalle, wadda ta ce ƙanenta ma an yi masa irin wannan a guruf. Allah ya sanyaya masa.

*

Bayan rumbu Sadiƙa ta sami ƙanenta, a ɗan lungun da inuwa ke sauka in an yi la'asar. Yana zaune a kan turmin da aka kife, ya manna waya a kunne ɗaya, ya toshe ɗayan da yatsa. Idonsa a rufe.

Ta sauke bokitin da ta ɗauko daga famfo. A layin famfon ne wasu yara, waɗanda ko alwala ba su gama iyawa ba, suka biyo ta suna maƙale murya: "Baba, za su kashe ni! Baba, za su kashe ni!" Suna faɗa suna faɗuwa ƙasa don dariya.

Muryar Hafizullahi suke kwaikwayo. Wani mai kiran kansa Damisa ne ya jefa guntun muryar a guruf ɗin samarin da ke buga lido ta waya. Kukan Hafizu ne na ranar da 'yan bindiga suka shiga Gatawa, ranar da mahaifinsu Malam Maliki ya rasu. Tun daga nan, duk wanda aka kashe wa ɗa a lido sai a saka masa kukan, kowa ya turo fuskar dariya. Daga guruf ya fito titi. Yanzu ga shi har bakin famfo.

"Ba ni wayar nan."

Ya buɗe ido a firgice, ya tura wayar cikin aljihu.

"Yaya Sadiƙa."

"Na ce ka ba ni. Yau da hannuna za ni hidda kai daga guruf ɗin nan."

"Ki bari."

"In bari mi? Ka bar zuwa makaranta. Ka bar zuwa masallacin layi, sai ka zagaya har bakin kasuwa. Ummi na can Sabon Birni tana zaton karatu kake. Mi za ni ce mata?"



Ta durƙusa a gabansa, ta sassauta murya.

"Na duba wayarka jiya da kab bar ta a caji. Na ga wasannin. Kai da babu mai cin ka a lido tun muna gida, yanzu kullum kai anka kashe. Ka bar ɗanka a buɗe gaban mutum. Da gangan kake yi, Hafizu."

Ya sunkuyar da kai.

"Da gangan nike."

"Don su yi ma dariya?"

"Don su saka."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya rame. Rigar makarantar da Gwaggo Larai, wadda suke zaune a gidanta, ta ɗinka masa bara ta koma kamar ta aro.

Ya fito da wayar a hankali. Bai miƙa mata ba, shi ya kai ta kunnenta da kansa, ya sa ɗaya hannun ya toshe mata ɗaya kunnen kamar yadda yake yi wa kansa.

"Kar ki saurare ni. Ki saurari bayana."

Ya danna.

Kukan ya cika mata kai. Ta runtse ido, ta so ta ture hannunsa. Ya sake dannawa. A karo na biyun ne ta ji. Can ƙasa da kukan, ƙasa da ƙarar babura, wata murya mai ɗan kaushi, irin ta mutumin da ya saba kiran yara daga wancan gefen gona.

"Hafizu, ka..."

Sai ya yanke.

Sadiƙa ta zame ta zauna a ƙasa, zanenta cikin ruwan da ya zube daga bokiti. Ba ta ji sanyinsa ba.

"Baba," ta ce.

"Baba na."

Ba su da hotonsa ko ɗaya. Komai ya ƙone tare da ɗakin. Ta ɗauka ta riƙe muryarsa a ranta, sai yanzu ta gane ta daɗe da fara ɓace mata.

"Sake saka man."

Ya saka. Ta ji. Ya sake sakawa.

"Wani lokaci in sun ji daɗin dariya suna turo wani yanka daban," in ji shi. "Wani da kiɗa, wani an ja murya ta koma ta akuya. Ina cewa ko wata rana za a turo wanda ya ɗan hi wanga tsawo. Ko da kalma guda."

"Kalma guda ta mi?"



"Ya hwaɗi bakin garka, Yaya. Ƙahwarshi. Ina riƙe da hannunshi. Na ga bakinshi na motsi, ban ji mi yac ce ba, ƙara ta yi yawa. Nis saki hannun nig gudu." Ya ɗago ya dube ta. "In cewa yay yi ka ɗaga ni hwa? In cewa yay yi ka tsaya?"

Shekara biyu suna kwana gida ɗaya, bai taɓa gaya mata wannan ba. Ta kama kansa ta jingina a kafaɗarta, kamar lokacin da take goya shi. Bai yi kuka ba. Numfashi kawai yake yi da ƙarfi.

"Za mu nemo Damisan nan," ta ce. "Na ga lambarshi ta Nijar ta. Ko a Maraɗi yake."

"Ba shi Maraɗi."

Ta ɗago kansa.

"Ka san shi?"

"Ranar, kahin su shigo, ina cikin yi ma mutum saƙon murya na. Ina tsokanar shi na ci shi wasa. Mutum guda nike yi ma."

Ba sai ya faɗi sunan ba. Mutum ɗaya ne Hafizu ke tsokana a duniya, tun suna tsirara. Anas, ɗan Gwaggo Larai. Taubashinsa. Wanda suke kwana tabarma ɗaya, suke sa hannu a kwano ɗaya tun ranar da suka zo Isa gudun hijira.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun ranar hwarko."

"Kuma kana cin tuwo da shi."

"Tuwon gidansu na, Yaya. In Gwaggo taj ji, ko ta yi mashi baki ko mu mu ji kunyar zama. Ina za mu?"

Ya share hanci da bayan hannu.

"Kuma akwai abin da ba ki gane ba. Ni ban aika saƙon ba. Wayar ta hwaɗi hannuna tana kan ɗauka. Nan nib bar ta, gehen Baba."

Sadiƙa ta riƙo kafaɗarsa.

"To wa ya aika?"



Daidai nan suka ji ƙarar keke a zaure, da waƙar da Anas ke yi kullum in ya dawo daga shagon babansa. Ya shigo tsakar gida da leda a hannu, yana raba ido.

"Ina ubangidan nawa? Ga ƙosai bawanka ya kawo ma, tun da ka zama amarya ba ka hita."

Haka suke tun tasowarsu. Hafizu ɗan namiji ne, Anas ɗan mace, don haka a wasan taubasai Anas bawa ne, Hafizu ubangida. Manya ma dariya suke in sun ji.

Ya leƙo bayan rumbu. Murmushinsa ya tsaya a rabi.

Sadiƙa ba ta tashi daga ƙasa ba.

"Zo nan, Damisa."

Ledar ta sauka a hankali har ta taɓa gwiwarsa.

"Wace Damisa kuma, Yaya?"

"Anas, ban da ƙarhin gardama yau. Zo ka zauna."

Ya dubi Hafizu. Hafizu na kallon yatsun ƙafarsa. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya ajiye ledar a kan dutse.

"Wasa na," ya ce da ƙyar. "Wallahi wasa na. Taubashina na."

"Na sani."

"Shi yaf hwara. Ya ci ni sau uku a jere, yas shiga guruf yana cewa kowa shi zo shi ga bawanshi, wai ko lido sai ya 'yanta ni. Kowa na dariya. Har Zayyanu da ba ya magana sai da yas saka baki. Nic ce bari in rama."

"Sai kab buɗe sabuwar lamba."

"Layin Nijar ɗin Baba na, na aro." Ya soma murza hularsa. "Na ɗauka kwana guda za a yi a manta. Da nig ga abin ya yi yawa na goge nawa. Amma kowa ya riga ya aje. Wasu ma ban san su ba, Yaya. Akwai 'yan Sakkwato, akwai wani daga Legas. Na roƙi admin, mai guruf ɗin, yac ce ai shi ka raya guruf."

"Ka ga ya bar makaranta?"

"Na gani."

"Ka ga ya bar cin abinci?"

Anas ya dubi ledar ƙosan. Sai a lokacin Sadiƙa ta tuna kullum da irin ledar yake shigowa tun da abin ya fara. Jiya rake ne. Shekaranjiya awara.

Hafizu ne ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ba rigima nike so ba. Na yahe. Saƙon nike so, dukanshi."

"Wane?"

"Wanda kay yanko wanga daga ciki. Ka ji shi har ƙarshe?"

Anas ya girgiza kai.

"Sai da anka kwana biyu yas shigo, lokacin babu sabis. Na buɗe, nij ji kana tsokanata, nij ji harbi, nij ji kukanka. Nik kashe. Ban taɓa wuce nan ba. Tsoro nike ji."

"Amma ba ka ji tsoron yankawa ba," in ji Sadiƙa.

Ya rufe fuska da hula.

"Kawunka na ciki," ta ce a hankali. "Bayan kukan. Shi ya aiko ma saƙon da hannunshi, ba Hafizu ba."

Hular ta faɗi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, bakinsa a buɗe.

"Kawu Maliki?"

Hafizu ya miƙa masa wayar. Anas ya kai kunne. Sau ɗaya ya ji, ya ajiye ta a ƙasa da sauri kamar ta ƙona shi. Kawun nan ne ya saya masa keken da ya shigo da shi yanzu.

"Za ni shiga guruf," ya ce, muryarsa na karyewa. "Yanzun nan. Da muryata, da sunana. In ce ni na Damisa, in ce musu muryar mamaci ce suke..."

"A'a."

Hafizu ya riƙe masa hannu.

"Ka hwaɗi sunanka in kana so. Amma kar ka ce Baba na ciki. Ba su ji shi ba har yau. In sunka sani za su neme shi, su sa mashi kiɗa shi ma."

Anas ya gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a gemunsa da bai gama fitowa ba.

"To kawo saƙon," in ji Sadiƙa.

Anas ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya shiga kakkaɓe ta.

"Anas."

"Wayar da yas shigo ciki ta lalace, ta hwaɗa randa. Amma na taɓa juya shi a memori, daga nan niy yanka." Ya dafe kai. "Memorin... Yaya, na bayar."

"Ka ba wa?"

"Inna tac ce tana son karatu a rediyonta. Nib ba Shamsu mai turi na bakin kasuwa, nic ce shi cika mata da karatu da wa'azi. Ka san su, in za su tura sabo sai sun share na ciki."

Hafizu ya saki hannunsa. Bai yi fushi ba. Ya dai jingina bayansa da rumbu, ya ɗaga kai yana kallon sama, kamar wanda ya yi doguwar tafiya ya tarar an rufe ƙofa.

"Shi ke nan," ya ce. "Allah bai nuhwa ba."

"Shamsu bai share komai ba."

Dukansu suka waiwaya.

Gwaggo Larai ce tsaye a gefen rumbu, da faifai a hannu, garin gero har gwiwar hannunta. Babu wanda ya san tun yaushe take wurin. Yayar mahaifinsu ce, kamarsu ɗaya, har tsagar Gobir ɗin da ke kumatunsu iri ɗaya ce. Shi ya sa Hafizu ba ya iya kallon fuskarta sosai.

Ta ajiye faifan a kan bokiti. Ta wuce ɗakinta. Da ta fito tana rungume da ƙaramar rediyon nan baƙa, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba.

Ta zauna a kan turmin da Hafizu ya tashi ya ba ta, shi ya koma ya tsuguna jikin rumbu.

"Inna," Anas ya fara.

"Kai yi man shiru tukuna. Naka na zuwa." Ba ta ɗaga murya ba. "Mu ma mun yi taubasai. Na taɓa zuba ma ɗan kawuna toka a hura ranar da yaz zo zance. Amma gabanshi nike tsaye, ina ganin idonshi. Da nig ga ya canza, ni nid dama mashi wata."

Ta goge rediyon da bakin zanenta.

"Ran nan ina tankaɗe, karatu ya ƙare, ina jiran wa'azi shi shigo. Sai nij ji Hafizu na dariya yana kiran wani bawa. Kahin in kai hannu, sai ƙara. Sai ƙanena."

"Gwaggo, kin ji shi?" in ji Sadiƙa. "Dukanshi?"

"Kullum in kun hita."

"Ba ki hwaɗa muna ba."

"Na ga kun hwara dariya, ɗiyata. Nic ce in na tada muku wanga, na maida ku Gatawa. Ban san shi yana can bai taho ba."

Ta dubi Hafizu.

"Matso."

Bai motsa ba. Yanzu da abin ya zo gabansa, sai tsoronsa ya kama shi.

"Gwaggo, ki hwaɗa man kawai. Cewa yay yi in tsaya?"

"Ba ni za ni hwaɗa ma ba. Ga mai maganar."

Sadiƙa ta kama hannunsa na dama. Anas ya matso da gwiwa, ya yi jinkiri, sannan ya kama na hagun. Hafizu bai ƙwace ba.

Gwaggo ta shiga danna maɓalli. Ta san wurin ba tare da ta duba ba. Guntun karatu ya wuce, wani malami ya fara sallama aka tsallake shi. Sai ga muryar wani yaro mai cike da nishaɗi, wanda Sadiƙa ta kusa mantawa.

"Bawana, kana ina? Hito in ƙara ma. Yau ko Gwaggo ta roƙe ni ba ni..."

Babura. Ihu daga nesa. Gudu. Kukan da duk Isa ta haddace ya fito daga ƙaramar rediyon, amma a tsakar gidan nan babu wanda ya yi dariya. Anas ya kifa goshinsa a kafaɗar Hafizu.

"Hafizu, ka..."

Hafizu ya ɗauke numfashi. A nan yake yankewa kullum.

Bai yanke ba.

"...ka saki hannuna. Saki, nac ce. Tahi ka cim ma uwarka. Kar ka waiga."

Ƙarar faɗuwar abu a ƙasa. Takun gudu yana yin nisa, yana yin nisa. Sannan numfashi, kusa sosai, kamar an ɗauki wayar an kai baki.

"Ya tahi. Alhamdu lillahi, ya tahi. Yaron kirki, ya ji magana. Allah shi yi ma albarka, Hafizu."

Hafizu ya kifa kansa a kan gwiwoyinsa. Kukan da ya fito masa ba irin na cikin wayar ba ne. Mai nauyi ne, a hankali, kamar ruwan da ya daɗe a sama. Sadiƙa ta rungume shi tana nata. Gwaggo ta ɗora tafin hannunta mai gari a kansa, ta bar masa fari a gashi.

"Ya ce na ji magana," yake ta faɗa. "Yaya, kin ji? Ya ce na ji magana."

"Na ji."

Rediyon ba ta yi shiru ba. Numfashin na nan. Malam Maliki ya yi tari, ya gyara murya kamar mai shirin doguwar magana.

Gwaggo ta kai yatsa ta kashe.

Hafizu ya ɗago da jajayen idanu.

"Da saura."

"Da saura."

"Ki bari mu ji, Gwaggo."

Ta zare memorin daga rediyon, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Sauran ba naku ba na. Sunan uwarku yak kira." Ta miƙe, ta dubi ƙofar gida. "Na yi ta ɗaga ranar kai mata shi Sabon Birni, yau ta ƙare man. Anas, tai tasha ka gani ko motar Sabon Birni ta cika."